Jemar da Na Sa Aka Tumɓuke

Ni ne na sa mutanen gungunmu suka tumɓuke jemar da ke riƙe da gaɓar maƙabarta. Hannuna bai taɓa ta ba, domin a lokacin ina nan Doha, amma da bakina aka yi aikin. Ina da laifuffuka da yawa waɗanda ni da Allah kaɗai muka sani. Da za a ce in zaɓi guda ɗaya a mayar da shi kamar ba a yi ba, wannan zan zaɓa.

Gungu shi ne abin da mutanen birni ke kira tsibiri. Namu yana tsakiyar Kwara, kudu da Yawuri. Ƙarami ne, mutum zai zagaye shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar, har ya tsaya gaisawa a hanya. Su muke yi, muna bandar kifi, muna noman albasa da shinkafa. Gefen da ruwa ke fara dukansa idan ya gangaro daga arewa muna ce masa kan gungu. Nan ne ƙasa ta fi tudu, shi ya sa kakanninmu suka sa maƙabarta a wurin.

Tsakanin kaburbura da ruwa akwai jema. Ciyawa ce doguwa, a ido ba ta da wani kwarjini, amma saiwarta tana nutsewa ƙasa fiye da tsayin mutum, ta saƙe kamar taru. Al'adarmu ita ce duk gidan da aka yi wa rasuwa, bayan an gama zaman makoki, sai su je su dasa tushen jema ɗaya a gaɓa, daidai saitin kabarin mamacinsu. Kowa ya san tasa. Mutum zai nuna maka ya ce wannan ta babana ce, waccan ta kakata. Sannan duk shekara idan ruwa ya janye sai a yi gayya, a cike gurbin da ya mutu, a kafa turakun giyayya a gaba.

Na bar gida da furfura ta fara fito mini. Shekarun farko a Doha lebura ne ni a wajen masu gina bangon bakin teku. Daga baya wani kafil, wato ubangidan aiki, mai jiragen su a Wakra, wani gari kusa da Doha, ya ji cewa na iya ɗinkin taru, ya ɗauke ni. Har yau a nan nake, ina gyaran taru da irin gurar nan tasu, tarkon kifi na wayar ƙarfe, da suke jefawa a teku.

Ina nan uwar 'ya'yana ta rasu. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Kafin labari ya iso ni an riga an kai ta. Babbar 'yata ce ta dasa mata jema, domin ni da ya kamata in dasa ina nesa. Sai da shekara ta zagayo na sami hutu na je na tsaya a kan kabarin. Yana sahun gaba, sahun da ya fi kusa da ruwa. Na duba kabarin, na duba ruwan, na ga tazarar ba ta da yawa. Na koma Doha da wannan a raina, ban faɗa wa kowa ba.

A shekarun nan ruwa ya sauya hali. Da, mun san lokacin farin ruwa, wanda damina ke kawowa, mun san na baƙin ruwa, wanda ke zuwa da sanyi daga nesa. Yanzu farin ruwa yakan zo da wuri, ya haura inda tsofaffi ba su taɓa ganin ya kai ba, ko kuma ya ƙi zuwa har shinkafa ta bushe. A rediyo suna cewa sauyin yanayi. Mutanenmu ba su zauna jiran gwamnati ba, don sun san kwale-kwalenta ba ya isowa gungu. Mai gari ya tara jama'a aka yanke shawara. Gayya ta koma sau biyu a shekara. An hana sakin awaki a kan gungu, an hana yankan jemar wurin don saƙa malfa, kuma kowane gida aka ba shi yankin gaɓar da zai kula da shi. Wanda aka ɗora a kan aikin shi ne taubashina, ɗan kawuna, wanda muka tashi tare, muka koyi tuƙi a jirgi ɗaya.

Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawa yake ce mini. Ko da na zo Doha bai fasa ba. Idan ya aiko saƙon murya, da haka yake farawa.

"Kai bawa, ka ci shinkafar Larabawa ka yi tumbi, ka manta da ubangidanka."

Ni kuma in mayar masa: "Wane ubangida, mutumin da wandonsa ɗaya, idan an wanke sai ya kwana a ɗaka?"

Sai shekarar korona ta zo. Aiki ya tsaya. Aka rufe masallatai, ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gidansa. Mu da gidanmu gado ne mai hawa biyu, a ɗakin da muke cunkushe, sai mu yi sahu tsakanin gadaje. Ba ka shiga ko kanti sai wayarka ta nuna kore, alamar ba ka da cutar. Ban taɓa zama haka ba aiki ba a rayuwata. Mutum idan hannunsa ya huta, kansa ne ke kama aiki, kuma nawa kan bai kama aikin kirki ba.

A daminar wannan shekara farin ruwa ya zo da ƙarfin da ba a saba gani ba. Ya cinye shinkafar mutane, ya shiga gidajen gindin gungu. A kan gungu kuma ya yage wani ɓangare na gaɓa har da jemar da ke kai. Muna da guruf a waya, na 'yan gungu na gida da na waje, nan aka riƙa turo hotuna. Na buɗe wani hoto na ƙara girmansa da yatsu, na ga ruwa ya matso sahun gaba. Jemar marigayiya tana nan tsaye, amma ta maƙwabcinta ta tafi.

Da aka sassauta kulle, wata Juma'a da yamma muka fita da abokin ɗakina, wani mutumin Zangon Kumasi ta Ghana mai aikin gadi. Magidanci ne mai son raha, Tsoho yake ce mini. Muka je bakin teku wajen dogayen benayen Dafna. Na sa farar jallabiyata ta Idi. Na tsaya a kan bangon da na taɓa ɗaukar wa siminti, na ce ya riƙe waya ya ɗauke ni ina magana.

"Yalla, Tsoho, gyara hula," in ji shi. "Mutanen gida su ga Alhaji ya zama babban mutum."

Na buga bangon da tafin hannu na ce, "Jama'ar gungu, ku duba. Wannan teku ne, ya fi Kwara girma nesa ba kusa ba. Ga shi an ce masa tsaya nan, ya tsaya. Da hannuna aka gina wannan. Mu kuma muna can muna tare ruwa da ciyawa kamar zamanin jahiliyya. Mu haɗa kai, mu na waje mu kawo siminti, ku na gida ku kawo ƙarfi, a yi wa maƙabarta bango."

Kafin mu koma Wakra saƙonni sun cika guruf. Samari suna ta kabbara. Waɗanda ke Legas da Libiya suka ce suna ciki. Sai can ga muryar taubashina.

"Bawa, ashe injiniya ka zama ba mu sani ba. To injiniya, tambaya gare ni. Ruwan nan da ke bayanka, ina ya nufa?"

Na ce, "Ba ya zuwa ko'ina. Teku ne."

"To namu matafiyi ne, kuma ba ya tsayawa gaisuwa. Ta ƙasa yake ci, kai ma ka sani, sai dai in sanyin na'urar Larabawa ya daskarar maka da kai. Faɗa mini, me ke ƙarƙashin bangon nan naka?"

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na san abin da ke ƙarƙashin bangon. Da idona na ga injin da ke buga ƙarafa masu kauri cikin ƙasa, yini guda yana dukan guda ɗaya har kunne ya toshe. Na ga jirage suna juye duwatsu, kowanne ya kai ɗaki girma, kafin a zuba ko cokali ɗaya na siminti. Abin da ake gani a sama ɗan kaɗan ne a kan abin da aka binne. Na kuma san cewa ko duk 'yan gungu sun sayar da jiragensu ba za su iya kawo irin wannan injin ba. Idan na faɗi haka, maganar bango ta mutu, ni kuma na koma mai ɗinkin taru da ya yi surutu a waya.

Na ce, "Siminti ne da dutse, kamar kowane gini. Mutumin da bai taɓa wuce Kwantagora ba, ina zai san wannan?"

Aka yi ta dariya a guruf. Shi ma ya yi, domin tsakaninmu irin wannan magana ba zagi ba ce. Amma jama'a ba su ɗauke ta wasa ba. Sun ɗauka wanda ya ga duniya ya ba wanda bai gani ba amsa.

Ba zan ce girman kai ne kaɗai ya tura ni ba, ko da yake yana ciki. Matar nan ta yi jinya ba na nan, aka wanke ta aka binne ba na nan, ko ciyawar da ake dasa wa kowa ban dasa mata ba. Ina so a ce ga wani abu da mijinta ya yi mata, abu mai ƙarfi, wanda za a hango daga tsakiyar kogi. Na so hakan har na yarda da ƙaryar da na yi.

Mai gari dattijo ne mai sauraron kowa. Ya ga ruwa ya ci jema a idonsa, ya ga samari sun karkata, ya ga kuma mu na waje ne ke aiko da abin da ake gyara masallaci. Ya ce a yi bango. Aka kawo magini daga Yawuri, mutumin kirki, amma gidaje da shaguna ya saba ginawa.

Taubashina ya sake gwadawa. Ya ce to a gina bangon a bayan jema, a bar ta a gaba tana karɓar dukan ruwa. Aka auna, aka ga babu fili, domin kaburburan sahun gaba sun kusa taɓa ta. Ko dai a tone kaburbura, ko a cire jema a haƙa harsashi a gurbinta. Magini ya ce shi dai ya san saiwa tana fasa gini. Aka ce a tambayi Alhajin Doha. Na ce a cire.

Da ruwa ya janye aka fara. Gayyar da aka saba yi don dasawa, ita aka kira don tumɓukewa. Taubashina bai ƙi fitowa ba, tunda mai gari ya yi magana, amma an ce bai yi waƙar gayya ba ranar. Jemar ta ba su wuya ƙwarai. Tushe ɗaya sai maza sun taru da diga da gatari. Saiwar jema tana da ƙamshi, mata kan sa ta a turaren wuta. Da aka tara aka cinna wa tarin wuta, an ce kwana da kwanaki gungu yana ƙamshi kamar ɗakin amarya.

Ana cikin aikin 'yata ta kira ni. Ina zaune a inuwar jirgi da allurar taru a hannu.

"Baba, sun iso kan ta Inna."

"To?"

"Sun ce ba za su taɓa ba sai na yarda, tunda ni na dasa. In bari?"

"Ki bari, 'yata. Abin da za a sa mata ya fi ciyawa."

Ina jin ƙarar diga a bayanta. Sai ta ce, "To, Baba," ta kashe.

Bangon ya tashi, aka shafa masa farar ƙasa. Masu wucewa a jirgin kasuwa suna nuna shi. Daminar da ta biyo baya ruwa bai yi yawa ba, ya zo ya lashi bangon ya koma. Na aika wa taubashina saƙo: "Ubangida, yaya ciyawa?" Ya ce, "Bawa, ka ci wannan. Allah ya sa ni ne na yi kuskure." Na kunna wa abokin ɗakina saƙon har sau biyu.

Shekarar gasar ƙwallon duniya Doha ta zama kamar gidan biki. Ko'ina tutoci, ko'ina fenti, ana dasa itatuwa manya da aka kawo da saiwarsu a mota. Wasu 'yan uwanmu da ke zaune a unguwar Bin Mahmud, cikin gari, aka ce su tashi su koma bayan gari, wasunsu suka zo suka raɓa da mu. Kowa maganar ƙwallo yake. A daidai wannan lokaci farin ruwa ya sauko a gida, irin wanda ya shafe garuruwa tun daga arewa har kudu.

Da hantsi ne, muna sauke kifi daga jirgi, waya ta yi ƙara a aljihuna. 'Yata ce. Ba ta yi sallama ba.

"Baba, bangon ya faɗi."

Na ajiye kwandon da ke hannuna. Na ce wane ɓangare.

"Duka. Ya kwanta cikin ruwa, ya ja ƙasa ya tafi da ita. Baba, sahun gaba babu."

Daga baya na ji yadda abin ya faru. Ruwa ya daɗe yana rarake ƙarƙashin harsashin, ba wanda ya gani, domin daga sama bangon fari ne tas, ko tsaga babu. Mutane suna tsayawa a kansa suna kallon ambaliya. Da ramin ya isa, sai bangon ya kife gaba ɗaya, nauyinsa ya fizge gaɓar da ke bayansa. Ba ciyawa, ba saiwa, ƙasa ce sako-sako da aka tone aka mayar. Ruwa ya shiga kaburbura kamar an buɗe masa ƙofa.

Ba zan rantse cewa da jema tana nan da ta tare wannan ruwa ba. Ruwan ya wuce misali. Amma na san yadda gaɓa mai jema take mutuwa: kaɗan-kaɗan take tafiya, a idon kowa, yau taku ɗaya, gobe rabin taku. Da an ga tana tafiya, da liman ya ba da izini an kwashe mutanen sahun gaba da mutunci, kowa da sunansa, kamar yadda aka taɓa yi zamanin kakanninmu. Bangona ya rufe wa mutane ido har lokacin ya wuce.

Maza suka shiga jirage cikin wannan ruwa mai ƙarfi. Suna bin gaɓa, suna duba cikin ƙaidaji da rassan da ruwa ya tara, suna tsintar abin da ya maƙale. Ba zan bayyana abin da suka tsinta ba. Liman ya ce a haɗa duka a sabon likkafani, a haƙa rami ɗaya a tsakiyar gungu, a gonar albasar mai gari. Haka aka yi. Abin da aka samu bai kai rabin waɗanda suka tafi ba.

Bayan an rufe ramin taubashina ya kira ni. Ba saƙon murya ba, kira.

"Salamu alaikum, Alhaji."

Tunda uwata ta haife ni bai taɓa kirana da wani suna na girmamawa ba. Na amsa sallamar.

"Na kira in yi maka ta'aziyya karo na biyu. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan iyayenmu. Kawunka ma yana cikin waɗanda suka tafi."

Kawuna shi ne mahaifinsa. Na manta, wallahi na manta cewa shi ma a sahun gaba yake. Duk tsawon wannan lokaci kabari ɗaya nake gani a wurin.

Na ce, "Ka zage ni. Don Allah ka zage ni."

"Ba ni da lokaci, Alhaji. Akwai sahu na biyu da za mu kwashe kafin ruwa ya iso su. Sai an jima."

Na je wajen kafil na ce an yi mini rashi, ina son hutu. Ya tambaya wa ya rasu. Na rasa yadda zan ce masa matar da ta rasu shekarun baya ce. Ya dafa kafaɗata ya yi mini addu'a, sannan ya ce otal-otal sun ninka odar kifi, babu mai motsawa sai bayan gasa, halas, magana ta ƙare.

Haka na ga gasar. Baƙi suka cika kasuwar Wakra da bakin ruwa, fuskokinsu da fenti, suna waƙoƙi da harsunan da ban taɓa ji ba. Sukan tsaya a kaina ina ɗaure gurar waya, su ɗauki hoto. Wata Baturiya ta nuna mini haƙoranta da yatsa, wai in yi murmushi. Na yi. Ranar da Ghana ke wasa abokin ɗakina ya ɗaura tuta a wuya yana tsalle a kan gado har ƙarfen ya lanƙwashe. Da ya juyo ya gan ni sai ya rage murya.

"Tsoho, ka ci abinci kuwa?"

Na ce na ci.

"Ƙarya ne. Ni ma fa ina da hannu, ni na riƙe waya."

Na ce masa shi waya ya riƙe, ni na san abin da ke ƙarƙashin bango. Na ba shi labarin injin da ƙarafa da duwatsu. Shi ne mutum na farko da na faɗa wa. Ya cire tutar daga wuyansa ya ninke, ya ce, "Wannan ba ni za ka faɗa wa ba."

Washegari bayan sallar asuba na tura saƙo a guruf. Na faɗi komai, yadda taubashina ya tambaye ni a gaban kowa, da abin da na sani, da abin da na amsa. Na ce kada kowa ya zargi magini ko mai gari. Alamar waya ta nuna mutane suna ta saurare. Da yamma wani saurayi da kakarsa ke sahun gaba ya rubuta, "Baba, da ka faɗa." Sai mai gari ya yi magana a taƙaice: "Mun ji. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Asabar akwai gayya, kowane gida ya kawo mutum."

'Yata ta daɗe ba ta kira ba. Da ta kira, ta gaishe ni yadda ya kamata, ta ba ni labarin jikoki, sannan ta ce, "Baba, da ka bar ni ina zaton ba ka sani ba, da ya fi mini sauƙi."

Gayyar da mai gari ya kira ta neman iri ce, domin jemar da ta rage a gungunmu ba ta isa a raba ba. Sai da taubashina ya ɗauki jirage ya je gungun da ke ƙasa da mu roƙo. Sun ba shi, amma sai da suka tambaye shi ko siminti ya ƙare a kasuwa ne. Aka dasa a sabuwar gaɓa. Guntayen bangon da suka kwanta a ruwa suka riƙa juya igiyar ruwa tana dukan wuri ɗaya, baƙin ruwa ya zo ya kwashe yawancin dashen farko tun bai kama ƙasa ba. Aka sake dasawa. Jema ba ta sauri, tana son damina da yawa kafin ta yi irin saiwar da muka ƙone, ruwa kuma ba ya jira. Na ce zan aiko da abin sayen turaku. Taubashina ya ce giyayya kyauta take a daji, hannu ne ba su da shi.

Bayan baƙi sun watse an sauke tutoci, kafil ya ba ni hutu. Taubashina ne ya zo ɗaukata a bakin gaɓa da jirginsa. Ya karɓi jakata, ya shimfiɗa mini buhu a kan katako don kada rigata ta jiƙe, kamar yadda ake yi wa baƙo. Muka haye ba mu yi wata magana ba sai ta hanya da gajiya. Da muka zagayo kan gungu na ga wurin. Inda na taɓa tsayawa na yi mata addu'a, yanzu jirgi ne ke wucewa ta kai. Wani ɓangaren bangon ya ɗago daga ruwa, tsuntsaye suna zaune a kansa.

Ya kai ni gonar albasa. Tudun ƙasa ne mai faɗi, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki.

Na ce, "Tana ciki?"

"Allah ne ya sani, Alhaji. Ni ma ban san ko babana yana ciki ba."

Muka ɗaga hannu tare. Da muka shafa, ya ce gobe da sassafe za a fita dashe, in ina da tsofaffin kaya in sa. Na yi sauran hutuna a cikin laka har gwiwa, ina dasa inda aka nuna mini. Ba wanda ya gaya mini baƙar magana. Mutane suna gaishe ni da ladabi, su matsa mini wuri. Da hutu ya ƙare na dawo Wakra, domin akwai bakunan da ke jiran abin da taru ke kawowa.

Karatuna bai yi nisa ba, na allo ne da 'yan shekaru a firamare, don haka ba wa'azi zan yi wa kowa ba. Roƙo ne, musamman ga 'yan uwana da ke ƙasashen mutane, masu gadi da masu shara da masu tuƙi, waɗanda idan sun yi magana a waya gida ke yin tsit. Ku sani ana jin maganarku fiye da nauyinta. Idan kun ga wani abu a nan ya burge ku, kuka ce a yi irinsa a gida, to ku faɗi dukan abin da kuka sani game da shi, har da wanda zai kashe maganar taku. Idan wanda ke zaune a wurin ya yi muku tambaya, ku amsa masa tambayar, kada ku sa a yi masa dariya. Ni ban yi haka ba. Yanzu idan na idar da salla zan yi wa uwar 'ya'yana addu'a, ban san inda zan ajiye ta a zuciyata ba, ko gonar albasa ko cikin kogi. Don Allah kada waninku ya jawo wa kansa da mutanensa irin wannan.